Ƙorafi Kan Tsofaffin Sojojin Ƙasar Daura

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Faruk Umar Faruk, ta hannun Majalisar Masarauta.



Ranka ya daɗe, mu 'ya'ya ne da jikokin mutanen da suka yi aikin soja daga wannan ƙasa taka, wasunmu daga cikin birni, wasu daga Zango, Baure, Mai'aduwa da Sandamu. Kukan da muka kawo shi ne sunayen iyayenmu suna ɓacewa muna ji muna gani, waɗanda suka rage da rai kuma suna tsufa cikin halin da bai dace da su ba.

Fada muka nufo domin ta fada aka ɗauke su. Lokacin yaƙin Hitila, zamanin Sarki Abdurrahman, ta hannun sarakuna Turawa suke neman samari. Umarni ya sauka ga hakimi, hakimi ya kira dagaci, dagaci ya shiga gida-gida. Wani ya tafi don ransa yana so, wani nuna shi aka yi, ya ajiye fartanya ya bi don bai iya saɓa wa sarauta ba. Sojojin Nijeriya sun yaƙi Italiya a Habasha a 1941. Bayan haka aka haɗa runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, aka zuba su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can aka shigar da su dajin Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar. Yaron da ya tashi a rairayin Daura, wanda bai taɓa ganin teku ba, shi ne ya ɗauki akwatin harsashi a ka yana ratsa kwarin Kaladan da tsaunukan Arakan, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga zazzaɓi, ga sojan Japan a maƙe. A watan Janairu na 1945 suka ci garin Myohaung. Har gobe barikokin soja suna ɗauke da sunayen wuraren nan: Dodan, Arakan da Myohaung a Legas, Kalapanzin a Kaduna. Wuraren an tuna da su, mutanen da suka taka su kuwa shiru.

Kakanninmu mata sun ba mu labarin dawowarsu, galibi a 1946, a jirgin ƙasa zuwa Kano sannan a mota zuwa gida. Gari bai yi musu rowa ba. An fita tarye da kalangu da guɗa, an yanka abin da ya sawwaƙa, an raka su sun faɗi gaisuwa a gaban shugabanni. En'e ta ɗauki wasu aikin ɗan doka, wasu suka zama direbobi da masu gadi, mafi yawa suka koma gona. Wannan karramawa ta mutanen da ba su da komai ce, kuma muna alfahari da ita. Sai dai duk a baki ta tsaya, masu bakin kuma ƙasa tana ta rufe su. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun an sassaƙa sunayen sojojin Afirka ta Yamma da suka kwanta dama a can. Abin yana mana ciwo a ce baƙo a wata uwa duniya yana iya karanta sunan ɗan Hausa a jikin dutse, jikansa a nan kuwa sai ya yi ta tambayar tsofaffi ko sun tuna laƙabinsa.

Bayansu wasu sun tafi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, wasu Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, yanzu kuma ƙannenmu da 'ya'yanmu suna Borno da dazuzzukan Arewa maso Yamma. Duk duniya ta ga yadda aka yi wa marigayi Muhammadu Buhari jana'iza a Daura ranar 15 ga Yuli, 2025, da cikakkiyar girmamawar soja. Ya cancanta, Allah ya jiƙansa. Amma a cikin wannan ƙasa akwai kurtu da kofur da saje waɗanda suka yi yaƙi ɗaya da shi, wasu da ɗingishi, wasu ido ya tafi, ana ɗora su a bayan babur a kai su nesa don tantancewar fansho, su wuni a rana su dawo ba magana. Akwai kuma zawarawa masu ƙananan yara, waɗanda aka aiko musu da saƙon rasuwa da jakar kaya, daga nan ba su sake jin ɗuriyar kowa ba. Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara ana faretin tunawa da mazan jiya a Abuja da manyan biranen jihohi, amma amon gangar ba ya isa zauren tsohon da ke ƙauye.

Ranka ya daɗe, ba dukiya muke roƙo ba. Babban abin da muke nema shi ne Sarki ya umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni su bi gida-gida, kamar yadda aka bi lokacin ɗiba, a rubuta sunan kowane soja, da sunan mahaifinsa, da garinsu, da yaƙin da ya je, da lambarsa idan takardar sallama tana nan. Akwai gidajen da har yanzu lambobin yabo suke ƙasan adaka. Idan aka haɗa hannu da ƙungiyar tsofaffin sojoji, aikin ba zai gagara ba. Littafin ya zauna a fada, inda tarihin ƙasar nan yake zaune, daga baya a zana sunayen a bango inda ɗan makaranta zai gani. Muna kuma roƙon a ware musu wuri a lokacin Sallar Gani, a zaunar da masu rai inda Sarki zai ɗaga musu hannu, limamai su yi wa mamata addu'a. Game da fansho da haƙƙin marayu, wasiƙa ɗaya daga fada tana buɗe ƙofar da talaka zai shekara yana ƙwanƙwasawa, don haka muna fatan a wakilta mutum guda a majalisa da zai riƙa karɓar irin wannan kuka.

Muna roƙon a fara rubutun kafin damina ta kama, a kuma fara da mafi tsufa. A shirye muke mu raka malaman da za a tura, da ƙafarmu da abin hawanmu.

Allah ya taimaki Sarki.

Mu ne talakawanka,
'Ya'ya da jikokin tsofaffin sojojin ƙasar Daura.