Tukunyar Mai Ciwon Hanji

Idan kumburin hanji ya kama leburan da ke aikin dare a kamfanonin fatu na Challawa, ko masana'antun Sharaɗa da Bompai, sai a ce basir ne, a yi ta ɗirka masa jiƙe-jiƙe. Alhali kuwa cuta ce mai lafawa ta dawo, wadda sai likita ke tantancewa. Matar da ta ware masa tukunya ranar da cikin ya motsa, ta janye yaji da soye-soye, ta ba shi kunu da farar shinkafa, ba shagwaɓa shi ta yi ba, kome dangin miji za su ce. Ba damuwa ke haddasa cutar ba, amma tana tayar da ita. Don haka maganar kuɗin haya ta dakata sai ya yi barci ya farka.