Zancen Zongo: Daga wane gari kakanmu ya taso?

A watan jiya wani yaro ya tambayi mahaifinsa sunan kakan kakansa, uban ya yi shiru. Mu ma da muke zaune a wurin, kunya ta kama mu.

Da can abin ba wuya. Idan ana neman asalin wani gida a Tiendpalogo ko Zangouettin, sai a tafi zauren tsoho mafi kusa, ya lissafo ma iyaye bakwai kafin shayi ya huce. Amma tun da aikin ZACA ya rushe unguwannin nan a 2003, aka watsa mu, wasu Waga 2000, wasu Nioko, zaurukan sun tafi, tsofaffin kuma suna bin su ɗaya bayan ɗaya.

Mun dai san hanyar da ta kawo yawancinmu: fataucin goro. Ayarin jakuna kan taso daga Kano ko Katsina zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, wasu su ratsa ƙasar Mosi, su yada zango, su yi aure, su zauna. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake da yawa, Faransawa kuma suka shigo Wagadugu a 1896. Idan tsohuwa ta ce muku ku Agalawa ne, ko Tokarawa, ko Kambarin Barebari, ku riƙe wannan kalma da kyau, sunayen manyan zuriyar fatake ne. Alhassan Dantata na Kano, wanda ya rasu a 1955, Ba'agale ne.

Takardun Nasara kuwa, kada a dogara da su kaɗai. Galibi sun rubuta "an haife shi wajen shekara kaza", sunan kuma yadda kunnen magatakarda ya ji. Sannan daga 1932 zuwa 1947 an soke Haute-Volta, Wagadugu tana ƙarƙashin Kuddubuwa, don haka wata takardar sai Abijan ko Dakar.

A ganinmu a fara da tsofaffin mata, su ne suka riƙe kirarin gida da ma'anar askar fuska. A duba bangon tsohon Alƙur'ani, inda malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami. Wanda ya samo wani abu, ya kawo ofishinmu, za mu buga a fitowa ta gaba.