Albarushi a ƙarƙashin gado

Yau maganar albarushi zan yi, kuma na san akwai masu cewa mi ya haɗa ɗan Yamai da bindigar toka, ai wannan sha'anin ƙauye ne. A'a. Maharbin da ya taso daga Dogon Dutsi ko Gaya ya zamna Talaje, ko Lazare, ko ƙetaren gulbi Harobanda, bai baro bindigarshi gida ba. Da ita ya zo, da gwangwanin albarushinshi, da dalmar da yake narkawa. A ƙauye yana da bukka bayan gida. Nan kuwa ɗaki guda ne cikin gidan haya, shi da iyali, butalin gaz a bakin ƙofa, murhun maƙwabciya taku uku daga nan.

Doka dai akwai ta. Dokar farauta mai lamba 98-07 tana nan tun Afrilun 1998, hukumar CNCCAI mai tattara makaman da ba su kan ƙa'ida kuma tun 1994 aka kafa ta. Amma da halin tsaron da ƙasa take ciki, duk mai bindigar gado tsoro yake ji kar a ɗauke shi wani abu daban. Sai ya ɓoye. Kuma ina talaka yake ɓoye abu? Ƙarƙashin gado, cikin kwanukan uwargida, bayan buhun hatsi. Wato daidai inda yaro ɗan shekara biyar yake kai hannu.

Albarushi ba ya buƙatar ashana. Tartsatsi guda ya ishe shi: guntun taba, garwashin shayi, turaren sauro, ƙarfe ya goga ƙarfe. Shi ya sa maharban da suka san aikinsu da ludayin ƙwarya ko ƙaho suke awo, ba su kai cokalin ƙarfe kusa. To kuma ku tuna da zafin Afrilu a garin nan, digiri 45 ƙarƙashin kwano, ga ɗaukewar wuta, mutum ya kunna kyandir yana laluben gwangwani. Mutanen unguwar Bodija a Ibadan sun ga abin da ajiyar kayan fashewa cikin gida take yi: ranar 16 ga Janairun 2024 nakiyar masu haƙar ma'adinai ta tashi, ta rushe gidajen mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Gwangwanin maharbi bai kai nan ba, na yarda, amma ɗaki guda ai ya ishe shi.

Wajen ɗurin ma akwai abubuwan da ke cinye hannu da ido. Mutum ya harba, garwashi na nan laɓe cikin bututu, ya kafa gorar albarushi a baki ya zuba kai tsaye, sai gorar ta tashi a hannunshi. A auna daban, a zuba awon kaɗai, kuma kar a leƙa bakin bindiga. In aka ja kunama ta ƙi tashi, a bar bakinta yana duban inda ba kowa, a jira minti guda ko fiye, don wani lokaci wutar na ci a hankali. A yi wa sandar ɗuri alama, don a gane ko akwai ɗuri a ciki kafin a ƙara wani a kai. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ɗauren yayi na samari: a fasa harsashin zamani a juye garinshi cikin bindigar maƙera. Wallahi ba iri ɗaya ba ne. Ƙarfin garin zamani ya ninka na albarushi nesa, bututun famfo ba ya ɗaukar shi, tsagewa yake yi a fuskar mai harbi. Haka masu sake cika kwankon kartush da ya riga ya tsage don tsimin kuɗi.

Sai dalma, ita ce ba a magana a kanta don ba ta ƙara. Ana fasa tsohon batir ɗin mota a tsakar gida, a narka, yara na wasa cikin ƙurar. A Thiaroye kusa da Dakar, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu saboda dalmar batir. A Zamfara a 2010 sun haura 400, daga ƙurar dutsen zinariya da ake daka cikin gidaje. Wanda ya tsira kuma dalmar na taɓa mishi ƙwaƙwalwa, ya je lakwal ya kasa riƙe karatu, a ce daƙiƙi ne. Tukunyar da aka narka dalma ciki, dan Allah, kar ta koma madafa.

Ni ra'ayina, kame kaɗai ƙara tura gwangwanin yake yi can ƙuryar gado. Maharba suna da shugabanninsu, suna jin maganar sarkin dawa fiye da ta kowa. Jami'an gandun daji da CNCCAI da masu unguwanni su zamna da su, a rubuta wa ke da mi ba tare da barazana ba, a samar musu wurin ajiya mai makulli nesa da ɗakunan kwana, ƴan kwana-kwana su san inda yake. Kafin nan, in kai mai gidan haya ne ko maƙwabci, ka tambayi mutumin cikin mutunci: malam, ina kake aje albarushinka? In ya ce cikin ɗaki, ku taimaka mishi da akwatin katako mai kwaɗo, a inuwa, nesa da murhu da gaz, mabuɗin a aljihunshi, bindigar kuma a rataye ba ɗuri.