"Wallahi" a Bakin Wa?

Gardama ce ta kaure tsakanin samarinmu a Zangon Paraku, har ta iso zauren Maigida inda nake riƙe da alƙalami. A kan Black Panther ake yi, jarumin da Amurkawa biyu, Stan Lee da Jack Kirby, suka ƙaga a littafin zane a 1966, aka mayar da shi fim a 2018.

Wasu na cewa ba a taɓa ɗaukaka baƙar fata haka ba. Hujjarsu ita ce dakarun mata masu tsaron sarki T'Challa, waɗanda ake dangantawa da mayaƙan matan Dahomey da aka kafa wa mutum-mutumi mai tsawon mita 30 a Kwatano a 2022. Sauran kuwa farkon fim ɗin ne ya tsaya musu a rai: a dajin Sambisa 'yan bindiga sun kwashi mata masu lulluɓi, jarumin ya diro ya far musu, sai ɗayansu ya ɗora wa mace bindiga yana cewa "Wallahi".

Na zauna na kalla, duk da furfurata. Ba zan ce an yi mana ƙage ba, domin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a 2014 ba tatsuniya ba ne. Sai dai kalmar nan da tsohuwa ke rantsuwa da ita a kasuwar Arzeke a kan mudun gero, ban sake jin ta a bakin kowa ba har fim ya ƙare. An raba wa wasu jarumta, mu aka bar mana rantsuwar ɗan ta'adda. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga tsiraru irinmu, tun da hare-hare suka shigo Alibori da Atakora, mai rawani ya zama abin duba sau biyu a shingen hanya.

Amma laifin ba na Amurka ba ne duka. Ta Jugu ayarin kakanninmu ke bi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, ga 'yan fashi ga kuɗin fito. Maigida ya tambayi samarin, masu yabo da masu fushi baki ɗaya, ko akwai wanda zai kawo sunan madugu guda da ya ja ayari ta wannan hanya. Zauren ya yi tsit.