FITSARIN JINI BA ALAMAR BALAGA BA NE



A gidaje da yawa, in yaro ya fara ɗigar da jini a ƙarshen fitsari sai a ce "ai girma ne ya zo masa". Wallahi wannan kuskure ne babba. Mafi yawan lokaci tsargiya ce. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin dodon koɗi na kududdufi, dam da fadamun shinkafa, tana shiga ta fata lokacin wanka, wanki ko kamun kifi, sannan ƙwanta ya riƙa raunata mafitsara. In aka bar ta shekaru, tana iya lalata ƙoda, har ta kai ga ciwon daji na mafitsara.

Amma kada ka ce duk jini tsargiya ce. Ka lura da kyau:

• Jini da zafin fitsari, yawan zuwa bayi, ko zazzaɓi: yana iya zama ciwon sanyi.
• Jini da ciwon kwiɓi mai tsanani da ke sauka mara: tsakuwar ƙoda.
• Jini ba tare da wani ciwo ba, musamman ga dattijo ko mai shan taba: wannan ya fi ban tsoro, ko da sau ɗaya aka gani kuma ya ɗauke.
• Maganin tarin fuka Rifampicin kan sa fitsari ya yi ja, alhali ba jini ba ne.

Ra'ayinmu a nan shi ne, kada a fara jiƙo ko sayen magani a kemis kafin gwaji. Zuma da habbatus sauda suna da albarka, amma ba su ne za su gaya maka daga ina jinin ke fitowa ba. A asibiti za a gwada fitsari, a duba ƙwan tsargiya a madubin likita (an fi samunsa a fitsarin tsakar rana), in da buƙata a yi sikanin ƙoda da mafitsara. Tsargiya tana da magani, Praziquantel, gwargwadon nauyin mutum.

Maigida, ka tambayi yaranka, don kunya kan hana su faɗa. Uwargida, ki riƙa duba wandunansu wajen wanki. Lafiyarsu amana ce a wuyanmu, kuma neman magani ba ya kore tawakkali.

In jinin ya zo da gudaji ko fitsari ya tsaya cak, a tafi asibiti a take.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. Ku tura wa 'yan uwa.