Hasken leza da maganaɗisu: ba sauri ne matsalar ba

Duk takardar da ke ajiye a faifan kwamfuta, asalinta ƙananan ɗigogin maganaɗisu ne, wasu na fuskantar sama, wasu ƙasa. Rubuta bayani shi ne juya fuskarsu. Shekaru da dama ana wannan aiki da wani maganaɗisun da lantarki ke haifarwa, kuma juyi guda kan ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa.

A 1996, Eric Beaurepaire da Jean-Yves Bigot da abokan aikinsu a Strasbourg ta Faransa suka harba wa siririn shafen ƙarfen nikel walƙiyar leza mai tsawon femtosakan 60. Femtosakan guda kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa. Ƙarfin maganaɗisun nikel ɗin ya faɗi cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa, saurin da masana ba su yi zato ba. A 2007, ayarin Theo Rasing a Jami'ar Radboud da ke Nijmegen ta ƙasar Holan ya ƙara gaba: da haske kaɗai suka juya fuskar maganaɗisu a cakuɗen gadoliniyam da baƙin ƙarfe da kobal. Zuwa 2012 aka gano cewa a wannan cakuɗe zafin walƙiya guda ma ya wadatar.

Tun daga nan kanun labarai ke yi mana alkawarin kwamfuta mai ninka ta yau sau dubu. A ganina wannan alkawari ɓata hankalin mai karatu yake yi, domin an riga an ci gasar sauri tun tuni. Abin da ya gagara shi ne ƙanƙanta. Haske ba ya tattaruwa ta madubi a ɗigon da ya gaza 'yan ɗaruruwan nanomita, alhali ɗigon bayani a faifan zamani 'yan gomomi ne kacal. Kamar a ba mutum tsintsiya ne a ce ya rubuta wasiƙa. Ga shi kuma na'urar lezar ta kan cinye teburi guda a ɗakin gwaji, sannan cakuɗen da ya fi jin kiran haske ba lallai ya iya riƙe bayani shekara da shekaru ba idan aka ƙanƙanta shi.

Wannan ba hujjar janye kuɗin bincike ba ce. Albert Fert da Peter Grünberg sun gano wata ɗabi'ar maganaɗisu a 1988, kuma sai a 1997 IBM ya saka ta a faifansa. Kamfanin Seagate ya kwashe fiye da shekara 20 kafin faifansa mai dumama wurin rubutu da leza ya shiga kasuwa sosai a 2024, ko da yake nasa dumamar ba ta kusa da saurin femtosakan.

Ga mai rubuta wa shugabansa taƙaitaccen bayani kan irin wannan labari, tambayar da ta dace ita ce wuta nawa kowane juyi ke ci, kuma ɗigon ya kai yaya ƙanƙanta. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin ajiyar bayanai sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na lantarkin duniya a 2024, kuma buƙatar na hauhawa. Idan har walƙiyar leza za ta fito daga ɗakin gwaji, ta wannan ƙofa za ta fito.