Mai Abincin Biki Ta Daina Ɗaga Waya?

'Yan uwa mazauna Ingila, mu daina jin nauyin mai abinci don kawai 'yar gida ce. Sabo turken wawa ne.

Kafin ka ba da kafin alƙalami, ku rubuta komai: baƙi nawa, wane abinci, ƙarfe nawa zai iso. Duba makin tsaftarta, 0 zuwa 5, a shafin hukumar abinci ta FSA. In tana karɓar katin bashi, biya da shi: cinikin da ya haura fam 100, doka na kare ka. Turawa ta banki ba ta da wannan kariyar.

Saura mako biyu ta yi shiru? Rubuta mata saƙo, ba ta kwana biyu, sai ka nemi wata. Ranar biki kai za a zaga, ba ita ba.